Yadda ake haɗa sautin I2S na ESP32 da amfilifaya a sifikar Bluetooth ta haɗin gida

Duk wanda ya saba haɗa rediyo da amfilifaya ya san waya uku: hagu, dama da ƙasa. Idan ya ɗauki ESP32, ɗan allon kwamfuta mai WiFi da Bluetooth, aka ce masa shi ma ta waya uku yake fitar da sauti, sai ya ɗauka abu ɗaya ne, ya jona su kai tsaye a bakin amfilifaya irin PAM8403 ko TPA3116, ya kunna, ya ji ƙara mai tsinka kunne. Abin da ke fita daga waɗannan ƙafafun lissafi ne, jerin sifili da ɗaya masu gudu sama da sau miliyan a daƙiƙa, kuma amfilifaya ta gargajiya ba ta san yadda ake karanta su ba. Dole a sami abin da zai mayar da lambobin su koma igiyar sauti kafin a ƙara musu ƙarfi. Ko dai amfilifayar ta zo da wannan na'urar a cikinta, ko a sa mata ita a gaba.

Abin da wayoyin uku ke ɗauka

Tsarin ana kiransa I2S, kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1986. Waya ta farko ita ce BCLK, wasu alluna su rubuta BCK. Ita ke buga lokaci, kowane bugu ɗaya ana aika lamba ɗaya. Ta biyu LRC, ko LRCK, ko WS, tana faɗa wa mai karɓa cewa abin da ke zuwa yanzu na hagu ne ko na dama. Ta uku ita ce ta bayanan kansu, tana fita daga ESP32 ta shiga ƙafar DIN. Ta huɗu da ake yawan mantawa ita ce GND, wato ƙasa, kuma idan babu ita tsakanin allunan biyu babu abin da zai yi aiki daidai.

Waƙar da wayar hannu ke turowa ta Bluetooth galibi 44.1kHz ce, lamba 16 ga kowane ɓangare. Ninka 44,100 da 16 da 2, za ka sami 1.4112MHz, gudun BCLK ke nan. Ka riƙe wannan adadin a kai, domin shi ya sa doguwar waya mai lilo ba ta dace da wannan aikin ba.

Kafin ka sayi komai, duba sunan allon. ESP32 na asali, mai ɗauke da WROOM-32 ko WROVER, shi ke da irin Bluetooth ɗin da ke karɓar waƙa, wato A2DP. ESP32-S3 da ESP32-C3 suna da BLE kawai, wato Bluetooth mai cin wuta kaɗan wanda ba ya ɗaukar A2DP, S2 kuma ba shi da Bluetooth sam. Mai shago zai iya miƙo maka S3 ya ce ai shi ne sabo, gaskiya ya faɗa, amma ba zai karɓi waƙa daga wayarka ba.

Hanya ta farko: MAX98357A

Idan sifikar ƙarama ce, ta ɗaki ko ta shago, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa, kuma ita ce mai ƙarancin matsala. MAX98357A ɗan allo ne da ya haɗa mai fassara lambobi da amfilifaya wuri guda. Yana aiki daga 2.5V zuwa 5.5V, yana ba da kusan 3.2W a lasifika mai 4Ω idan an ba shi 5V. Lasifika ɗaya yake tuƙawa. Haɗin shi ne (GPIO sunan ƙafafun ESP32 ne):

- VIN zuwa 5V
- GND zuwa GND na ESP32 da na wuta
- BCLK zuwa GPIO26
- LRC zuwa GPIO25
- DIN zuwa GPIO22
- ƙafafun + da − zuwa lasifika

Ba dole sai waɗannan ƙafafun ba, ESP32 yana iya karkatar da I2S zuwa kusan kowace ƙafa. Sai dai ka guji GPIO6 zuwa GPIO11, suna riƙe da ma'adanar allon. GPIO34 zuwa GPIO39 karɓa kawai suke yi, ba sa fitarwa. GPIO0, 2, 12 da 15 kuma allon yana duba su lokacin tashi, idan wani abu ya ja GPIO12 sama a wannan lokacin yana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Wayoyin I2S su kasance gajeru, kar su wuce santimita 10 zuwa 15, a liƙa su da dalma. Wayoyin cusawa na gwaji suna da amfani a tebur, amma cikin akwatin da bas ke girgizawa sukan saki cikin 'yan makonni. Idan dole wayar ta ɗan yi tsawo, sa rizisto 33Ω zuwa 100Ω a kan kowane layi, kusa da ƙafar ESP32, kuma ka bi da wayar GND a gefensu.

Wayar − ta lasifika ba ƙasa ba ce. Duka ƙafafun biyu suna ɗauke da wuta, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Idan ka haɗa − da GND, ko ka haɗa − na alluna biyu wuri ɗaya don ka rage waya, gajeriyar hanya ka yi wa wutar. Haka abin yake ga PAM8403 da TPA3116D2.

Ƙafar GAIN da ƙafar SD

Waɗannan biyun su ne inda ake yawan barin abu a tsakiya ba a fahimta ba. Ƙafar GAIN tana zaɓar ƙarin ƙarfi: idan an bar ta a sake 9dB ne, a haɗa ta da GND 12dB, ta rizisto 100k zuwa GND 15dB, a haɗa ta da VIN 6dB, ta 100k zuwa VIN 3dB. Kowa yana son 15dB saboda ya fi yawa, amma lissafin bai goyi bayan haka ba. A 9dB, sauti mafi ƙarfi da ESP32 zai iya turowa yana fitar da kusan 3.6V a lasifika, wanda ƙololuwarsa ta kai 5V. Wutar ta ƙare ke nan. Duk abin da ka ƙara bayan nan, yanke kan igiyar sautin zai yi, murya ta fashe, lasifika ta yi zafi. Bar ta a sake idan kana kan 5V. Idan batir ɗaya na 3.7V ke ciyar da amfilifayar kai tsaye, 6dB ya fi tsabta.

Ƙafar SD ayyuka biyu take yi, kashewa da zaɓen ɓangare, kuma yawan wutar da ke kanta ne ke yanke hukunci. Ƙasa da 0.16V allon ya yi barci. Daga 0.16V zuwa 0.77V yana gauraya hagu da dama. Daga 0.77V zuwa 1.4V dama kaɗai. Sama da 1.4V hagu kaɗai. A cikin guntun akwai rizisto 100k da ke ja ƙasa, yawancin allunan kuma suna da 1M da ke ja zuwa VIN, shi ya sa a 5V za ka auna kusan 0.45V, wato gauraye. Ga sifika mai lasifika ɗaya haka ake so, kar ka taɓa ta.

Don sitiriyo ana amfani da alluna biyu, duka a kan wayoyin BCLK, LRC da DIN guda. Na hagu, haɗa SD ɗinsa da VIN. Na dama, sa rizisto 680k daga SD zuwa VIN: da shi da 1M na kan allon suna ba da kusan 400k, wutar ta tsaya wajen 1V. Kar ka dogara da lissafi kaɗai, domin ba kowane allo ke da 1M ɗin ba. Ɗora mita a kan SD da GND ka tabbatar adadin ya faɗa tsakanin 0.77V da 1.4V, kuma ya fi kyau ya zauna a tsakiya.

Manhajar

A Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake rubuta wa ESP32 umarni da ita, ana sa laburare biyu, ESP32-A2DP da AudioTools. Ƙafafun da laburaren ke zaɓa da kansa sun canza daga wani fitowa zuwa wani, saboda haka ka rubuta naka a fili:

```
#include "AudioTools.h"
#include "BluetoothA2DPSink.h"

I2SStream i2s;
BluetoothA2DPSink a2dp_sink(i2s);

void setup() {
  auto cfg = i2s.defaultConfig();
  cfg.pin_bck = 26;
  cfg.pin_ws = 25;
  cfg.pin_data = 22;
  i2s.begin(cfg);
  a2dp_sink.start("Sifikata");
}

void loop() {
  delay(1000);
}
```

Idan manhajar ta ƙi hawa kan allon, Arduino IDE na cewa ta yi girma, shiga Partition Scheme ka zaɓi Huge APP. Kar ka kunna WiFi a cikin wannan manhajar. Shi da Bluetooth eriya ɗaya suke rabawa, kuma sakamakon shi ne waƙa mai yankewa.

Hanya ta biyu: PCM5102A da babbar amfilifaya

Wat uku ba za su cika tsakar gida ba. Idan ana son ƙarfi sosai, ana raba aikin gida biyu: PCM5102A ya fassara lambobin, TPA3116D2 ta ƙara ƙarfi. TPA3116D2 tana karɓar 4.5V zuwa 26V. Wat 50 sau biyu da ake rubutawa a kanta sai da kusan 21V a lasifika 4Ω ake samunsu. A 12V ka sa ran wajen wat 15 kowane ɓangare, wanda ya isa sosai. Cajar laftof mai 19V tana tuƙa ta da kyau idan a gida za a ajiye sifikar.

A gefen ESP32 haɗin bai canza ba: BCK zuwa 26, LCK zuwa 25, DIN zuwa 22, VIN zuwa 5V, GND zuwa GND. Abin da ke hana wannan allon magana abu biyu ne, kuma duka ba a manhaja suke ba.

Na farko ƙafar SCK. Wannan ta babban agogo ce, wanda ESP32 ba ya turowa a wannan haɗin. Idan aka haɗa SCK da GND, guntun zai ƙirƙiro nasa agogon daga BCK. Idan aka bar ta a sake, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci shiru, wani lokaci sai ka kai yatsa kusa ya fara. A kan allon PCM5102A mai launin shunayya akwai 'yan wurare biyu kusa da ƙafar da za ka haɗe da ɗigon dalma.

Na biyu yana bayan allon: wurare huɗu, kowanne da H da L, kuma sau da yawa ana sayar da shi ba a liƙa ko ɗaya ba. Na 1, FLT, a L. Na 2, DEMP, a L. Na 3, XSMT, a H. Na 4, FMT, a L. XSMT shi ne makullin shiru, idan yana ƙasa ko a sake ba za ka ji komai ba duk da cewa komai na tafiya daidai. FMT a L yana nufin tsarin I2S, idan ya koma H sauti zai fito a gurɓace. Ka kula ɗigon dalma ya haɗa tsakiya da gefe ɗaya kawai. Idan ya malale ya haɗa H da L, ka haɗe 3.3V da ƙasa.

Daga nan sai abin da ke lalata sautin sifiku da yawa da aka haɗa da kyau. PCM5102A yana fitar da har 2.1V. TPA3116D2 ana saita ta a 20, 26, 32 ko 36dB, ya danganta da allon. Ɗauki 26dB, wato ninki 20. A wutar 12V mafi yawan abin da za ta iya bayarwa bai wuce kusan 8V ba, ke nan 0.4V a bakinta ya cika ta. Ka ba ta 2.1V, ka ninka abin da take buƙata sau biyar. Sauti zai fashe tun maɓallin ƙara bai kai rabi ba, kuma duk wani ɗan tsaki da ke kan layin shi ma an ninka shi. Maganin rizisto biyu ne a kowane ɓangare: 10k a kan layin sauti, sai 2.2k daga bakin amfilifaya zuwa ƙasa, wanda ke sauko da shi zuwa kusan 0.38V. A 19V sa 4.7k maimakon 2.2k. Idan allon amfilifayar ya zo da abin murɗa ƙara, shi ma yana yin wannan aikin, amma rizistocin suna kare lasifika daga hannun yaro da zai murɗe shi har ƙarshe. Wayar da ke tsakanin PCM5102A da amfilifaya ta zama mai garkuwa, gajeriya, nesa da wayoyin lasifika da na batir.

Wuta, inda yawancin matsalar take

A ganina kashi mafi girma na ƙorafin da ake ɗora wa manhaja daga wuta yake. MAX98357A ɗaya a lasifika 4Ω yana iya fizgar sama da 1A na ɗan lokaci idan ganga ta buga. Biyu tare da ESP32 suna son tushen 5V mai 2A ko fiye. Idan wutar ta nutse, ESP32 zai mutu ya sake tashi, Bluetooth ya katse, a Serial Monitor na Arduino IDE kuma ka ga "Brownout detector was triggered". Kar ka ciyar da amfilifaya ta cikin allon ESP32 ko daga ƙafar 3V3. Kowanne ya ja wayarsa daga tushe. Sa kafasita 470µF zuwa 1000µF a ƙafafun VIN da GND na amfilifaya, da ƙaramar 100nF a gefenta, sai wata 470µF a VIN na ESP32. Ka duba alamar − a jikin kafasitar kafin ka liƙa.

Batirin lithium 18650 ɗaya yana tsakanin 3V da 4.2V. Amfilifayar MAX za ta iya sha kai tsaye, amma allon ESP32 ba zai iya ba: mai rage wutar da ke kansa, AMS1117, yana cin kusan 1V, ƙafar 3V3 kuma ba ta jure sama da 3.6V. Ana buƙatar mai ɗaga wuta zuwa 5V. MT3608 yana ɗaukar ESP32 da amfilifaya ɗaya, amma biyu suna wahalar da shi. Murɗa shi ka auna 5V da mita tun kafin ka jona komai, domin yana iya fitar da sama da 20V. Caji kuma allon TP4056 mai kariya, wanda ke da ƙafafun OUT daban da na B inda ake jona batir.

Ga TPA3116D2 ana jera batir uku, 12.6V idan sun cika, tare da BMS na 3S, wato allon kariyar batir uku a jere, da caja mai 12.6V, sannan LM2596 ko MP1584 ya sauko da 5V don ESP32 da PCM5102A. Baturan su zama iri ɗaya masu ƙarfi ɗaya. Na tsohuwar laftof suna aiki idan an gwada kowanne, amma wanda ya sauka ƙasa da 2.5V ya daɗe a haka, ajiye shi gefe. Duk 18650 da aka rubuta wa 9800mAh ƙarya ce, na gaskiya ba su cika wuce 3500mAh ba. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maradi yana iya kai batirin da ke rufe cikin akwati kusa da 45°C, iyakar da bai kamata a yi wa lithium caji a samanta ba. Ka ware wa batir da allon caji nasu ɗakin mai ramukan iska, daban da ɗakin lasifika.

Akwai wani tsaki na musamman da ke zuwa a hanya ta biyu: siririn kuka ko ƙyas-ƙyas da ke canzawa idan wayar hannu ta haɗu ko ta rabu. Dalilinsa shi ne ƙasa ta bi hanya biyu, ɗaya ta wayar wuta, ɗaya ta garkuwar wayar sauti. ESP32 yana jan wuta a fizge duk lokacin da rediyonsa ya yi aiki, wani ɓangare na wannan wutar yana komawa ta wayar sauti, amfilifaya ta ɗauke shi a matsayin waƙa. Gwajin mai sauƙi ne: ciyar da ESP32 da PCM5102A daga fawa bank daban. Idan tsakin ya ɓace, ka kama shi. Fara da tara duk wayoyin GND a wuri ɗaya, a ƙafar − ta shigar wutar amfilifaya, da waya mai kauri gajeriya. Idan bai tafi ba, sa B0505S bayan mai sauko da wuta, yana raba ƙasar biyu gaba ɗaya. Nemi mai 2W, domin mai 1W 200mA kaɗai yake bayarwa, ya yi wa ESP32 da PCM5102A kaɗan. Hanya ta farko ba ta fama da wannan sosai, tunda babu wayar sauti mai rauni tsakanin allunan.

Gwaji kafin a rufe akwati

Kunna ba tare da lasifika ba tukuna, ka auna 5V da 3.3V. Haɗa wayarka, saki waƙa, ka sa mita a DC tsakanin BCLK da GND. Za ka ga kusan 1.6V, rabin 3.3V, saboda layin yana hawa da sauka daidai wa daida. LRC ma haka. Idan mitarka tana auna Hz, LRC zai nuna 44.1kHz. Sifili ko 3.3V tsayayye yana nufin ƙafar da ke manhaja ba ita ce ka liƙa ba. DIN zai riƙa motsi da waƙar. Kashe wuta, jona lasifika, rage ƙara a waya, sannan ka kunna.

Kar ka cire ko ka cusa wayar I2S wuta na kunne. Takardar MAX98357A ta yi gargaɗi cewa idan LRC ya ɓace BCLK na gudana, yana iya tura wutar DC mai yawa zuwa lasifika, abin da ke ƙona ƙaramar lasifika.

Idan agogo yana nan amma shiru, duba SD, ko XSMT da SCK. Shuuu mai ƙarfi ba waƙa, galibi an musanya BCLK da LRC. Waƙa na fita amma da ƙaiƙayi a kanta, dalmar DIN ko GND ba ta kama ba, ko wayoyin sun yi tsawo. Murya ta yi siriri ko ta yi kauri kamar an ja kaset, gudun da I2S ke kai bai dace da na waƙar ba, 48kHz a wurin 44.1kHz ko akasin haka. Yankewa idan ka ɗan yi nisa, matsalar eriya ce: zanen da ke bakin allon ESP32 ya fuskanci waje, nesa da maganaɗisun lasifika, da batir, da mai sauko da wuta, kuma akwatin kar ya zama na ƙarfe. Bugun "ɗum" lokacin kunnawa ko tsayar da waƙa ana rage shi ta haɗa SD ko XSMT da wata ƙafar ESP32 maimakon VIN ko H, manhaja ta riƙe ta ƙasa har sai sauti ya fara gudana. A tuna cewa 3.3V kai tsaye a kan SD hagu kaɗai zai zaɓa, don haka ko ka bi ta rizisto kusan 630k bayan cire 1M na kan allon, ko ka sa a2dp_sink.set_mono_downmix(true) manhaja ta yi gaurayen.

Idan lasifika biyu ne, taɓa wayoyin kowacce da batir 1.5V na ɗan lokaci kafin ka liƙa su. Wadda fatarta ta turo waje, wayar da ke kan + na batirin ita ce + ɗinta. Idan ɗaya ta juye, ɗaya na turawa ɗaya na ja, bas ya cinye kansa. Ɗakin lasifika a toshe shi ruf, har ramin da wayoyi suka bi a cike shi da gam mai zafi, domin ƙaramar kafa tana fito da fito kuma tana zubar da bas. Allunan a ɗaure su da sukurori ko gam a kan ɗan soso, wayoyi a ɗaure su kar su taɓa bayan fatar lasifika, ramin USB na ESP32 kuma a bar shi inda kebul zai kai ba sai an ɓalle akwatin ba.